Inda Kadunar Baba Ta Ƙare

Burodi ne ya fara haɗa ni da Baba a kan maganar nan. Ranar da na kai shi ya ga gidan da na gina a Mahuta, na zagaya da shi ko'ina, na nuna masa ɗakin da na ware masa mai banɗaki a ciki, ya sa albarka, ya ci tuwo, ya yi wasa da jikokinsa. Da la'asar ta yi na ɗauko shi zan mayar da shi Tudun Wada. Muna isowa Sabo ya ce in tsaya. Na ɗauka fitsari ne ya matsa masa, sai na ga ya leƙa ta taga yana yafito mai burodi. Ya sayi manya biyu ya ɗora a cinya.

Na ce, "Baba, wannan burodin fa akwai shi a bakin layinku. Gidan burodi ɗaya ne ma yake yin su."

Ya ce, "Tsaraba ce. Mutum ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana."

Tafiya kuma. Daga wata unguwa zuwa wata unguwa a cikin gari ɗaya, wai tafiya. Na haɗiye maganar na ja mota, amma tun daga nan raina ya fara ɓaci, don na gane inda aka dosa. Ɗakin nan ba don ado na gina shi ba. So nake Baba ya dawo wurina, shi kuma da burodin nan ya ba ni amsa tun ban tambaya ba.

Baba maƙerin gwangwani ne. Tun yana saurayi ya baro garinsu ya sauka a Tudun Wada, ya kafa rumfa yana ƙera murhun gawayi da mazurari da bokiti, kuma a layin nan ya yi aure, ya haife mu, ya binne mahaifiyarmu. Jikin rumfarsa akwai shagon wani tela da suka zo garin kusan lokaci ɗaya. Mu dai Baba Tela muka taso muna ce masa. Benci ɗaya suke zama a kai tun kafin a haife ni, a nan suke cin goro, a nan suke faɗa a kan siyasa, a nan suke shiryawa kafin magariba. Da sa'o'insu suka yi ta mutuwa har ya zama saura su biyu, sai suka yi wa juna alkawari: duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai shiga kabari ya karɓe shi, ya kwantar da shi, ya juyar da fuskarsa gabas. Ba a ɓoye suka yi ba. Kowa a layin ya sani, har Baba Tela yakan tsokani Baba ya ce ya rage cin tuwo don kada ya karya masa baya ranar.

Ni kuwa abin da ya dame ni daban ne. Gidanmu na Tudun Wada na ƙasa ne da aka shafe da siminti, katangar ɗakin Baba ta tsage har kana iya zura hannu, kuma duk damina kwatar layin sai ta cika ta shigo tsakar gida. Ƙannena mata duk suna gidajen mazajensu. Gwiwarsa ta dama ta ƙi, ya taɓa zamewa a banɗaki ya daɗe a ƙasa kafin maƙwabta su ji. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ya kamawa saboda kunya, sai dai ya ce "kai" ko "wannan". In katangar nan ta faɗo masa, ni duniya za ta zaga, kuma da gaskiyarta.

Da na fito masa da maganar a fili, amsarsa gajeriya ce. Ya ce, "Ba zan bar Kaduna ba."

Na ce, "Wa ya ce ka bar Kaduna? Mahuta ai Kaduna ce."

Ya dube ni yadda ake duban yaron da ya zo da ƙarya mara gishiri, ya ci gaba da bubbuga gwangwaninsa.

Wallahi babu hujjar da ban kawo ba. Na ce gwamnanmu ɗaya. Na ce rediyon da yake kamawa a Tudun Wada shi nake kamawa a Mahuta. Na ce wutar lantarkin da ba ta zuwa masa ita ce ba ta zuwa mini. Na ce in ya hau mota daga Sabo har gidana ba zai ga tazarar daji ko ta filin ƙwallo ba, gida ne jikin gida, shago jikin shago, coci da masallaci da gidan mai. Ya ce shi lokacin da ya san wajen nan, gonakin dawa ne da rugar Fulani, kuma har farauta an taɓa gayyatarsa can. Na ce wannan da ne. Ya ce to, shi ma ai mutumin da ne. Haka muka yi ta yi, duk ranar da na je sai na fito da ciwon kai.

A Mahuta ina da maƙwabci, dattijo ne ɗan kudancin Kaduna, malamin makaranta da ya yi ritaya, kowa Baba Ticha yake ce masa. Wata ranar Lahadi da ya dawo daga coci ya same ni a ƙofar gida na haɗa rai, ya tambaye ni, na zayyane masa. Ya yi dariya har da buga ƙafa, sannan ya ciro wayarsa ya gyara tabarau. Ya nuna mini jerin biranen da suka fi faɗin ƙasa a duniya, wato in an bi iyakar da hukuma ta shata musu. Ashe akwai birane a ƙasar Sin da faɗinsu ya ninka na jihar Kaduna gaba ɗayanta, kuma yawancin filin ba gidaje ba ne, duwatsu ne da makiyaya da dabbobinsu. Akwai wani a Brazil da kusan dukkansa kurmi ne da koguna. Mutum sai ya wuni yana gudu a mota bai fita daga gari ba, bai kuma ga rufin kwano ko ɗaya ba.

Na ce, "Baba Ticha, tura mini wannan. Yau na samu abin da zan rufe bakin tsohon nan da shi."

Ya ce, "Zan tura maka, amma ni ban ce zai yi aiki ba."

Washegari na rufe shagona na tayil ɗin daɓe da wuri na nufi Tudun Wada. Na same su su biyu a kan benci, Baba Tela yana warware wani tsohon ɗinki da reza. Na durƙusa na gaishe su, sannan na ciro waya na fara karatu kamar mai wa'azi. Na nuna musu taswira. Na ce ga gari guda, daga wannan gefe zuwa wancan ya fi daga nan zuwa Kano nisa, kuma sunansa ɗaya, shugabansa ɗaya. In waɗannan suna cikin gari, ta yaya za a ce Mahuta da ke nan bayan Sabo ba Kaduna ba ce?

Baba Tela ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuskarsa, ya ce, "Ikon Allah. To su waɗannan in matar mutum ta aike shi cefane cikin gari, sai ya yi sallama da yara ke nan."

Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye gudumarsa ya ce, "Kai, tambaya ɗaya zan yi maka. Makiyayin nan da ke wancan gefen, in aka yi rasuwa a wannan gefen da safe, yana samun jana'iza?"

Na ce, "Baba, wannan ai wata magana ce daban."

Ya ce, "Ita ce maganar. Gari shi ne inda in an ce wane ya rasu, za ka sa takalmi ka samu salla. Inda ba za ka samu ba, wani gari ne, ko da sunansu ɗaya. Su rubuta abin da suka ga dama a takarda."

Na ji kamar in jefa wayar cikin kwata. Na ɗauko Sin da Brazil na kawo masa har kan benci, ya ture su da tambaya ɗaya ya koma kan bokitinsa. Amma a nan ne na fahimci abin da ya riƙe shi. Ba katangar ba ce, ba rumfar ba ce, ba ma kabarin mahaifiyarmu ba ne. Mutumin da ke zaune kusa da shi yana warware ɗinki ne. Sai na kama wannan bakin zaren na ce, "In dai wannan ne, ai da sauƙi. Ina da mota. Daga Mahuta zuwa nan ba wani abu ba ne. Duk abin da ya faru, ko me nake yi zan ajiye in kawo ka."

Baba Tela ne ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka ji abin da ka faɗa dai ko?"

Na ce na ji.

Damina ce ta yanke mana hukunci. Wani ruwa da aka wuni ana yi ya zubar da rabin katangar ɗakin, Allah ya sa Baba yana masallaci. Da na iso na tarar da katifarsa cikin laka, ban yi magana ba, don in na buɗe baki abin da zai fito ba na ɗa da uba ba ne. Baba Tela ne ya yi mini aikin. Ya ja shi gefe ya ce, "Tafi wurin yaron nan. In katanga ta kashe ka, ni zan sha wahalar ɗaukarka, ga baya ba lafiya. Yana da mota, ya kuma yi alkawari a gabana." Da yamma Baba ya fito da jaka ɗaya da butarsa da rediyo, ya bi gida gida yana sallama da mutanen layi kamar mai tafiya Makka. Wata tsohuwa har da hawaye, tana cewa Allah ya sa a gana. Ni ina cikin mota ina cizon leɓe, don in ka ji su sai ka rantse ƙetare zan kai shi.

Zamansa a Mahuta bai zo da rigima ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don da rigima ce da na san yadda zan yi da ita. Matata tana kai masa abinci ta durƙusa, ya ci ya gode. Yara suna shiga ɗakinsa su yi ta tsalle a kan katifa, ya bar su. Amma jakar nan bai taɓa kwance ta ba. Na sa kafinta ya yi masa durowa, ta zauna babu komai a ciki. In an wanke masa riga aka goge, sai ya ninke ta ya mayar cikin jaka ya ja zif. Wayarsa kuwa kullum tana aljihun gaba, kuma in cajinta ya yi ƙasa hankalinsa ba ya kwanciya sai an tayar da janareta. Na ce masa, "Baba, ka zuba kayan nan a durowa mana, ai gidanka ne." Ya ce, "Suna nan lafiya inda suke."

Ranar Juma'a nakan kai shi Tudun Wada ya yi salla a masallacinsu ya wuni a kan benci. Duk tafiya sai mun tsaya a Sabo an sayi burodi. Muna shiga layi za a fara: "Maraba da mutanen Mahuta. Ya hanya? Ya mutanen can? An sha hanya." Shi kuma ya amsa da gaske, ya ce hanya alhamdu lillahi, mutanen can suna gaishe ku. Ya miƙa wa Baba Tela burodinsa, shi ma ya karɓa da hannu biyu ya ce an gode da tsaraba, har ya ƙara da cewa burodin can ya fi na nan laushi. Burodi ɗaya, leda ɗaya, hoton da ke jiki ɗaya. Wata rana na kasa daurewa na ce, "Don Allah ku daina cewa ya hanya, daga cikin gari fa muke." Wani mai shago ya ce, "Alhaji, ai mu ba mu taɓa zuwa ba, sai dai labari."

A sauran ranaku Baba Ticha ne abokin zamansa. Da hantsi sai ya fito da kujerun roba biyu ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa, su zauna suna sauraron rediyo suna zagin masu gyaran hanya. Wata rana na dawo na tarar suna maganar mutuwa, abin da tsofaffi ba sa gajiya da shi. Baba Ticha yana cewa su in mutum ya rasu sai a ajiye shi a asibiti, a sanar da na Legas da na Fatakwal, a sa rana, sannan a ɗauke shi a kai shi ƙauye. Ya ce, "Mu gawa ce take jiran mutane. Ku kuwa mutane ne suke bin gawa da gudu." Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Shi ya sa mu ba ma nisa." Ya faɗe ta yana kallon titi, amma na san da wa yake.

Ranar da abin ya faru ina shago a Sabo da hantsi, ana sauke mini kaya. Waya ta yi ƙara, na ga Baba ne, shi da bai cika kirana ba. Ya ce, "Kai, zo. Tela ya tafi." Ya kashe.

Na yi salati, na bar kayan a bakin shago na shiga mota. Na kira babban ɗan Baba Tela, ya ce da safen nan ne, bayan ya karya ya ce kansa yana juyawa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Ya ce jana'iza bayan azahar. Na ce to alhamdu lillahi, akwai lokaci, muna hanya. Har ga Allah na yarda da abin da na faɗa.

Sai dai dole in fara komawa baya, in je Mahuta in ɗauko shi, sannan in sake biyo hanyar da na baro. Na same shi tsaye a bakin get. Bai sa babbar rigarsa ta Juma'a ba. Tsofaffin kayan aikinsa ya ciro daga ƙasan jaka, riga da wando da duk tsatsa ta ɓata, da takalmin roba, don mai shiga kabari ba ya ado. Ya riga ya yi alwala. Baba Ticha ya riƙe masa ƙofar mota ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba. Ku yi sauri."

Sauri a Kaduna. Tun kafin mu kai Sabo muka tarar da tankokin mai sun yi layi sun cinye rabin titi. A kasuwar Sabo masu Keke sun cushe ta ko'ina, kowa yana so ya riga kowa, ba mai motsi. Na danna hon har yatsana ya yi zafi. Na leƙa na zazzagi wani mai bas da ya tsaya tsakiyar hanya yana lodi, shi ma ya rama, har ya haɗa da iyayena, ga uban nawa zaune a gefe. Hannayensa suna kan gwiwa, idonsa yana gaba. Da muka wuce masu burodi suka yo kan motar da gudu don sun san shi, ko kallonsu bai yi ba.

Da ƙyar muka fita muka bi ta Kakuri, na ce in na hau baifas ta Trikania na ƙetare gada shi ke nan. Muna hawa na ga motoci sun tsaya cik, direbobi sun fito sun jingina da ƙofa. Wai tirela ce ta faɗi a gaba ta gindaya, ta toshe hannu biyu. Ana cikin haka na ji an kira azahar a wani masallaci can gefen titi.

Na ce, "Baba, ko in samo maka babur?" Na faɗa ne kawai, don na san gwiwar nan ba za ta ɗagu ta hau babur ba. Ya gwada, Allah ya sani ya gwada. Na tsayar da wani, muka riƙe shi ni da mai babur ɗin, ƙafar ta ƙi tanƙwaruwa, zufa ta karyo masa, muka mayar da shi mota. Na juya na faɗa cikin unguwa ina bin lunguna, ƙasan mota yana gurzar duwatsu. Layin da na san yana ɓullewa gaba na tarar an kafa rumfuna an jera kujeru, ana zaman makoki, mata sanye da anko suna waƙoƙin coci. Ba laifinsu ba ne, su ma nasu ne ya mutu. Na yi ribas ina huci.

Ɗan Baba Tela ya kira ya ce an idar da salla, liman ya ce a ɗan jira Baba. Na ce ga mu nan kusa. Ƙarya nake, ko gada ba mu hango ba. Ya sake kira ya ce an sallace shi, za su wuce maƙabarta a hankali, mu same su can. Na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin. A kira na ƙarshe ya ce masu haƙa sun ce in ruwa ya sauko kabarin zai cika, jama'a kuma sun tsaya da makara a hannu. Ya ce in ba Baba wayar. Na miƙa masa. Ya saurara, sannan ya ce, "Ku sa shi. Kada ku wahalar da shi saboda ni." Ya miƙo mini wayar ya mayar da hannunsa kan gwiwa.

Ban san lokacin da na fara dukan sitiyari ba. Na zagi tirelar, na zagi mai ita, na zagi duk wanda ya bar garin nan ya yi ta miƙewa kamar kabewa ba tare da an yi masa hanyar kirki ba. Kowa ya samu fili ya gina, ni ma na samu na gina, muka yi ta turawa gaba muna cewa duk Kaduna ce. Baba ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ya isa. Ka kula da hanya."

Da muka isa maƙabarta yayyafi ya fara, mutane suna fitowa suna kakkaɓe ƙasa daga hannu. Suka gan shi cikin kayan aiki da takalmin roba, kowa ya san abin da shigar take nufi, sai aka rasa mai haɗa ido da shi. Mai shagon nan ne ya matso ya kama hannunsa ya ce, "Sannu Baba. Ya hanya?" Wannan karon ban gyara masa ba.

Na riƙe shi muka taka har bakin kabarin. Ya tambayi ɗan Baba Tela wa ya shiga, ya ce shi da wani maƙwabci. Ya ce, "Kun juyar da fuskarsa sosai? Wuyansa ba ya son hagu." Yaron ya ce sun juyar. Baba ya dafa kafaɗata ya durƙusa a kan gwiwar da ta ƙi hawa babur, ya ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasa ya zuba a kan wadda aka riga aka tara, ya daddanna ta da tafin hannu. Ya daɗe yana addu'a, ruwa yana sauka a bayansa. Ni na tsaya a kansa riƙe da lema, kunya da baƙin ciki sun cika ni.

Muka koma layi aka zauna karɓar gaisuwa. An fito da bencin nan an sa a ƙofar gida, Baba ya ƙi zama a kai, ya zauna a tabarma. Ni kuwa na riga na yanke shawara a raina. In ya ce ba zai koma Mahuta ba, ba zan yi musu ba, ba zan ƙara kawo masa wata ƙasar Sin ba. Da jama'a suka ragu na matsa kusa da shi na ce, "Baba, in kana so, gobe in turo magina su tayar da katangar nan da bulo. Sai ka dawo ɗakinka."

Ya dubi shagon tela da aka rufe da kwaɗo, ya dubi rumfarsa da wani ya riga ya fara ajiye buhunan gawayi a ciki. Ya ce, "Bar ta. Tashi mu tafi kafin magariba, kada yara su ga mun daɗe."

Muna fitowa bakin layi ya ce in tsaya. Mai burodin da ke nan tun muna yara ya taso, Baba ya nuna manya biyu, ya karɓa ya ɗora a cinya, a kan wandon da laka ta ɓata.

Na ce, "Baba, na mene ne?"

Ya ce, "Na yara. Ai mun yi tafiya."

Abin da na yi ta nema ke nan tun ranar da na sa harsashin ɗakin nan, ga shi an ba ni, kuma ban taɓa jin abin da ya ƙona mini rai kamarsa ba. Hanya ta buɗe tas a komawa, an janye tirelar, ko birki ban cika takawa ba har Mahuta. Matata ta fito ta durƙusa ta karɓi burodin da hannu biyu, ta yi masa gaisuwa, ta ce sannu da dawowa. Ya amsa. Ya shiga ɗaki, ina tsaye a bakin ƙofa na ji ƙarar zif, sannan na ji yana jan durowa.

Da safe aka yanka burodin aka sha shayi da shi. Yara suka cinye nasu suka nemi ƙari, na tura musu nawa.